Zoben da kanel ya sallama yana hannun manhaja: nazarin wata ɓaraka a io_uring na Linux

A ƙarshen watan Nuwamba na 2023, Jann Horn na Project Zero, tawagar binciken tsaro ta kamfanin Google, ya kai rahoton wata ɓaraka a kanel na Linux, wato jigon tsarin da ke raba wa manhajoji ƙwaƙwalwa da na'urori, wadda daga baya aka ba ta lamba CVE-2024-0582. Kira huɗu kacal manhaja take buƙata, kuma ba sai mai ikon gudanar da kwamfutar ne ya kunna ta ba. Za ta buɗe io_uring, wata hanyar da manhaja ke miƙa wa kanel ayyukan karatu da rubutu cikin sauri, ta nemi kanel ya ware mata wasu shafukan ƙwaƙwalwa da za su riƙa amfani da su tare, ta liƙa su a cikin adireshinta, sannan ta ce ta fasa. Kanel sai ya mayar da shafukan cikin rumbunsa na shafukan da ba su da mai su, ya ba duk wanda ya zo nema. Ita kuwa manhajar tana nan tana karanta su, tana rubutu a kansu, babu abin da ya hana ta.

Abin da ya sa wannan lamari ya cancanci nazari shi ne, masu io_uring ba sakarkaru ba ne a kan hatsarin raba ƙwaƙwalwa da manhaja. Sun yi taka-tsantsan sosai a kan abin da ke rubuce cikin shafukan. Inda ƙafa ta zame shi ne tsawon ran shafukan, wato wa ke da hurumin cewa an gama da su.

Katangar da aka saba da ita

Kowace manhaja da ke gudana tana da jerin adireshi nata na kanta. Adireshin da take gani ba shi ne ainihin wurin da bayanin yake a ƙwaƙwalwar na'ura ba. Furosesa tana duba wani jadawali da kanel ke rubutawa, wanda ke cewa wannan shafi na manhaja yana daidai da wancan shafi na zahiri. A yawancin kwamfutoci shafi ɗaya bayit 4096 ne. Kowane layi na jadawalin yana ɗauke da izini: a karanta kawai, ko a karanta a rubuta, na kanel ne shi kaɗai, ko manhaja ma tana iya taɓawa.

Idan manhaja tana son karanta fayil, sai ta kira kanel, furosesa ta koma matsayin kanel, shi kuma ya kwafi bayanin buƙatar zuwa ƙwaƙwalwarsa da `copy_from_user`, ya yi aikin, ya mayar da amsa da `copy_to_user`. Kwafin nan yana cin lokaci, amma yana sayo wani abu mai daraja: da zarar bayani ya shiga ɓangaren kanel, manhaja ba ta da hannun canja shi. Kanel ya duba shi sau ɗaya, ya gamsu, shi ke nan. Masu ƙera furosesa ma sun ƙara wa katangar tsawo. Intel ta kawo SMAP, ARM ta kawo PAN, dukkansu suna hana kanel taɓa shafin manhaja sai a ɗan lokacin da ya buɗe ƙofa da gangan don yin kwafi.

Wannan tsari ya daɗe yana aiki ba a damu da tsadarsa ba, domin faifan ajiya mai juyawa ya fi kiran kanel jinkiri nesa ba kusa ba. Abubuwa biyu suka sauya lissafin. Na'urorin ajiya na NVMe sun kai inda suke amsa buƙatu dubu ɗaruruwa a daƙiƙa ɗaya. Sannan a Janairun 2018 aka bayyana Meltdown, wata ɓaraka a cikin furosesa kanta, maganinta kuma, wato KPTI da ya shiga Linux 4.15, ya sa dole a sauya jadawalin shafuka a duk shiga da fita daga kanel a kan furosesar da abin ya shafa. AIO, tsohuwar hanyar da Linux ke da ita ta aika buƙata ba tare da tsayawa jiran amsa ba, ba ta magance komai ba. Ba ta aiki ba tare da jira ba sai an buɗe fayil da `O_DIRECT`, tutar da ke tsallake ma'ajiyar wucin gadi ta kanel, kowace buƙata tana jawo kwafin bayit 104 tsakanin aikawa da karɓar amsa, kuma a yadda aka saba amfani da ita sai an kira kanel sau biyu.

Zobe biyu a tsakiya

Jens Axboe, mai kula da sashen na'urorin ajiya na Linux, wanda a lokacin yake aiki da Facebook, shi ya rubuta io_uring, ya kuma shiga Linux 5.1 a watan Mayun 2019. Dabarar ita ce a daina miƙa buƙata ta ƙofar kira. A ware wasu shafuka waɗanda kanel da manhaja duk suke gani, kowa ta adireshinsa, a shirya layi biyu masu kewayawa a cikinsu. Zobe na farko na aika buƙatu ne: manhaja ke zubawa, kanel ke kwasa. Kowace buƙata bayit 64 ce, tana faɗin irin aikin, fayil ɗin, adireshin da za a zuba bayani, da tsawonsa. Zobe na biyu na amsoshi ne: kanel ke zubawa, manhaja ke kwasa. Kowace amsa bayit 16 ce, takwas daga ciki lambar shaida ce da manhaja ta sa wa buƙatar tun farko don ta gane amsar wace ce. In ba a nemi wani abu daban ba, zoben amsa yana ninka na buƙata girma.

Kowane zobe yana da lamba biyu, kai da wutsiya. Mai zubawa yana ƙara wutsiya, mai kwasa yana ƙara kai. Idan sun yi daidai, zoben babu komai. Lambobin ba sa komawa sifili idan an kewayo, ƙaruwa kawai suke yi, ana kuma samun gurbin da ake nufi ta hanyar yanke su da girman zoben, wanda dole ya zama 2, 4, 8, 16 da haka har sama. Manhaja tana iya jera buƙatu hamsin ta kira `io_uring_enter` sau ɗaya. In ta nemi tsarin SQPOLL ma, kanel zai ajiye zare nasa, wato wani layin aiki mai gudana shi kaɗai, da ke zaune yana kallon wutsiyar zoben, ta yadda manhaja za ta yi ta aiki da fayiloli ba ta kira kanel ko sau ɗaya ba, sai in zaren ya gaji da jira ya yi barci, ya bar mata alama a shafin cewa a tashe shi.

Ba a io_uring aka fara irin wannan rabo ba. Tun da daɗewa Linux yana liƙa wa kowace manhaja wani shafi da yake rubuta bayanin agogo a ciki, don `gettimeofday` ta sami lokaci ba tare da ta shiga kanel ba. Amma wancan mai sauƙi ne: manhaja karantawa kawai take yi, shafin kuma yana nan tun daga kunna kwamfuta har kashe ta. A io_uring ɓangarorin biyu duk suna rubutu, kuma ana ƙirƙirar shafukan ana rushe su bisa buƙatar manhaja.

Zama da wanda ba a amince da shi ba

Shafukan zoben a buɗe suke ga manhaja gaba ɗaya, karatu da rubutu. Furosesa ba ta san izinin da ya fi shafi ƙanƙanta ba, saboda haka ba yadda za a ce wannan bayit huɗu na kanel ne, na kusa da su na manhaja. SMAP ma ba ya taimakawa a nan, domin kanel yana karanta zoben ta adireshinsa na kanel, furosesa kuwa ba ta ganin wani laifi a hakan. Duk kariyar da ta rage sai wadda aka rubuta a kod.

An rubuta ta kuwa da kyau, kuma a ganina wannan ɓangare na io_uring abin koyi ne. Kanel yana rubuta lambar kai ta zoben buƙata a shafin da ake rabawa don manhaja ta gani, amma ba ya dogara da abin da ke wurin. Yana da kwafinsa a ɓoye, shi yake amfani da shi. Haka wutsiyar zoben amsa, haka girman zoben. In manhaja ta ɓata waɗannan lambobi a shafin, kanta ta ruɗa. Lambobin da dole kanel ya karɓa daga hannunta, kamar wutsiyar zoben buƙata, ana yanke su da girman da kanel ya sani kafin a yi amfani da su. Lambar gurbin buƙata da ta wuce iyaka ana jefar da ita, a ƙara ɗaya a wata ƙidaya da manhaja ke iya dubawa.

Sai matsalar karatu biyu, wadda ta sha kayar da masu rubuta kanel. A ce kanel ya karanta tsawon da ke cikin buƙata, ya ga 100, ya gamsu, sannan ya sake karanta wurin lokacin da zai yi aikin. Tsakanin karatun farko da na biyu, wani zare na manhajar da ke gudana a wata cibiyar furosesa yana iya mayar da lambar miliyan. Abin da aka duba daban, abin da aka yi aiki da shi daban. Wani abin haushin shi ne, ko mai rubuta kod bai karanta sau biyu ba, kompaila, manhajar da ke fassara kod zuwa umarnin furosesa, tana iya yin hakan da kanta, domin a lissafinta babu mai canja wurin. Shi ya sa kod ɗin io_uring ya cika da `READ_ONCE`: a karanta fili sau ɗaya, a ajiye a ƙwaƙwalwar kanel, a duba kwafin, a yi aiki da kwafin. Daga Linux 5.5 kanel ya ma yi alkawari a fili cewa da zarar ya karɓi buƙata ya gama kwashe duk bayanin da ke siffanta ta. Wato kwafi bai mutu ba a io_uring. Raguwa ya yi, ya kuma koma wurin da ya fi arha.

Akwai kuma batun jeri. Dole manhaja ta gama rubuta buƙata kafin ta ƙara wutsiya, dole kuma kanel ya karanta wutsiya kafin ya karanta buƙatar. Furosesar ARM tana iya sauya jerin rubutu biyu, kompaila kuma tana iya yin hakan a kan kowace furosesa, don haka kowane ɓangare yana sa shinge a kod ɗinsa a daidai wurin. Yawancin masu rubuta manhaja ba sa ganin wannan, ɗakin kod na liburing ke yi musu.

Duk waɗannan amsa ce ga tambaya guda: me zai faru in manhaja ta rubuta ƙarya a shafin? Akwai wata tambayar da ba ta fito fili haka ba. Yaushe kanel ke da damar karɓe shafin ya ba wani?

Igiyar da ba a rubuta ba

A al'ada Linux yana riƙe ƙidaya a kan kowane shafi na zahiri, ta masu riƙe da shi. Duk layin jadawalin manhaja da ke nuna shafin yana ƙara ɗaya. Ba a mayar da shafi rumbu sai ƙidayar ta sauka sifili. Da wannan, ba zai yiwu a sallami shafin da manhaja ke gani ba.

Amma io_uring ya liƙa zobensa ne da `remap_pfn_range`. Wannan aiki ya fi dacewa da ƙwaƙwalwar na'urori, kamar ta katin hoto, wadda ba ta cikin lissafin shafukan da kanel ke rabawa. Yana rubuta lambar shafin zahiri kai tsaye a jadawalin manhaja, ya sa wa yankin alamar `VM_PFNMAP`, wadda ke gaya wa sashen kula da ƙwaƙwalwa cewa kada ya bi diddigin waɗannan shafuka. Ƙidaya ba ta ƙaruwa. Babu kuma hanyar da za a tashi daga shafin a gano manhajojin da ke ganinsa. Mai amfani da `remap_pfn_range` shi ya ɗauki nauyin tabbatar da cewa shafukan ba za su riga liƙin mutuwa ba.

Shekara huɗu wannan bai jawo komai ba, kuma akwai dalili. Kowane io_uring fayil ne a idon kanel. Duk yankin adireshi da aka samo ta `mmap`, kiran da ake yin liƙi da shi, a kan fayil yana riƙe da fayil ɗin. Ko manhaja ta rufe lambar fayil ɗinta, muddin liƙin yana nan, fayil ɗin bai mutu ba. Zoben buƙata da na amsa kuwa ba a rushe su sai fayil ɗin ya mutu. To ka ga igiyar: liƙi yana riƙe fayil, fayil yana riƙe zobe. Shafukan ba su da ƙidaya tasu da ke kare su, amma babu wani kira da manhaja za ta yi wanda zai rushe zoben ya bar fayil ɗin a raye. Tsaron ya dogara ne a kan wannan sharaɗi, sharaɗin kuma ba shi da wani wakili a kod da zai yi ihu in an karya shi.

Zobe na uku

A ce uwar garke tana riƙe da haɗi 100,000, kowanne yana jiran saƙo. In dole kowace buƙatar karɓa ta zo da mazubinta, wato wurin da za a zuba saƙon, na bayit 4096 tun farko, an daskarar da kusan megabayit 400 ana jiran saƙonnin da yawancinsu ba yanzu za su zo ba. Linux 5.7 ya kawo mafita: manhaja ta ba kanel tarin mazubai, shi ya ɗauki ɗaya a lokacin da saƙo ya iso, ya faɗa mata a amsa wanne ya ɗauka. Da farko sai ta aika buƙata ta musamman duk lokacin da za ta mayar da mazubi cikin tarin. A Linux 5.19, a 2022, aka mayar da wannan ma zobe. Kowane gurbi bayit 16, yana ɗauke da adireshin mazubi, tsawonsa da lambarsa. Manhaja ta zuba, ta ƙara wutsiya, kanel ya kwasa. Zobe ɗaya yana iya kaiwa gurbi 32,768, wato shafi 128.

Wannan zobe ya bambanta da na farkon biyu ta wata fuska: ana yi masa rajista da `IORING_REGISTER_PBUF_RING`, ana kuma iya soke rajistar da `IORING_UNREGISTER_PBUF_RING` a kowane lokaci, io_uring ɗin yana ci gaba da aiki. A tsarin 5.19 hakan ba matsala ba ne, domin manhaja ce ke ware ƙwaƙwalwar daga nata. Kanel yana kafe shafukan don kada a motsa su, in an soke rajista ya sake su. Shafukan na manhaja ne tun asali, sun koma gare ta, babu wanda ya yi asara.

Sai dai wasu nau'ikan furosesa, irin PA-RISC, suna da wata ƙa'ida a kan ma'ajiyar wucin gadi da ke cikinsu. In shafi ɗaya yana da adireshi biyu, na kanel da na manhaja, dole adireshin su dace da juna ta wani lissafi, in ba haka ba wani ɓangare zai riƙa ganin tsohon bayani. In manhaja ce ta zaɓi adireshinta tun kafin kanel ya shigo, ba a da tabbacin dacewar. Saboda haka a Linux 6.4, wanda ya fito a Yunin 2023, aka ƙara tutar `IOU_PBUF_RING_MMAP`: kanel ya ware shafukan, manhaja ta liƙa su da `mmap` kamar yadda take yi wa sauran zobe biyu. Tutar ba ta taƙaita ga PA-RISC ba, kowace na'ura ta samu.

Kowane yanki na wannan canji, in ka dube shi shi kaɗai, daidai yake. Hanyar liƙawa ita ce wadda aka shekara huɗu ana amfani da ita lafiya. Soke rajista kuma ya yi abin da ake tsammani, wato wanda ya ware ƙwaƙwalwa ya mayar da ita. Haɗuwarsu ce ta tsinke igiyar. Yanzu akwai zoben da kanel ya mallaka, aka liƙa shi ba ƙidaya, kuma manhaja tana iya sa a rushe shi fayil ɗin yana raye. Kamar mai gida ne ya karɓi ɗaki daga ɗan haya, ya zuba kayansa masu daraja a ciki, bai karɓi makullin ba.

Abin da ake iya yi da shafin da aka sallama

Ɓarakar amfani da ƙwaƙwalwa bayan an sallame ta ba baƙuwa ba ce a kanel. Amma yawancinsu suna ba maharin ɗan ƙaramin abu ne: wani tsari guda mai bayit ɗari ko biyu, rubutu ɗaya ko biyu ta wata karkatacciyar hanya, sau da yawa kuma sai ya ci tseren lokaci. Wannan ta ba shi shafuka cikakku, masu yawa, yana karantawa yana rubutawa da umarnin furosesa na yau da kullum, ba tsere, ba gaggawa.

Kamfanin binciken tsaro na Exodus Intelligence ya wallafa a Maris na 2024 yadda ya mayar da ita cikakken iko a kan kwamfuta, kuma hanyar tana da ban sha'awa saboda sauƙinta. Duk lokacin da manhaja ta buɗe fayil, kanel yana ware wani ƙaramin tsari da ke riƙe bayanin buɗewar, har da ko an buɗe don karatu ne ko don rubutu. Idan wurin ajiye irin waɗannan tsare-tsare ya cika, kanel yana ɗebo sabbin shafuka daga rumbu, daga cikinsu kuwa har da waɗanda aka sallamo daga zoben. Fayil ɗin `/etc/passwd`, inda ake jera masu amfani da kwamfutar, kowa yana da izinin karanta shi, mai gudanarwa kaɗai ke rubutu. Sai maharin ya yi ta buɗe shi don karatu har ɗaya daga cikin tsare-tsaren ya faɗo a shafin da yake gani, ya kunna alamar izinin rubutu da hannunsa, ya ƙara wa kansa asusu mai cikakken iko. Kanel yana duba izini ne a lokacin buɗewa, bayan nan abin da ke rubuce a tsarin yake bi.

Lura da abin da bai faru ba a nan. Ba a karkatar da kanel ya gudanar da kod ɗin maharin ba. Ba a buƙaci gano inda kanel ya ɓoye kansa a ƙwaƙwalwa ba. SMAP da takwarorinsa an gina su ne don tare waɗannan, ba su da abin cewa idan manhaja ta rubuta a shafin da jadawalinta ya ce nata ne.

Wasu sun riga sun kauce tun kafin a gano wannan. A Yunin 2023, watan da 6.4 ya fito, Google ya sanar cewa kashi 60 cikin 100 na hare-haren kanel da aka miƙa wa shirinsa na ba da lada na kCTF ta io_uring suka bi, kuma ya biya kimanin dala miliyan 1 a kansu. Ya kashe io_uring a ChromeOS da uwayen garkensa, ya kuma toshe shi ga manhajojin Android. Linux 6.6 ya zo da maɓallin `io_uring_disabled`: 0 kowa ya yi amfani, 1 sai masu izini, 2 an rufe gaba ɗaya. Docker ma, manhajar da ke killace wasu manhajoji kowace a keɓe, ya toshe kiran io_uring a tsarinsa na asali daga siga ta 25. Wasu suna karanta wannan a matsayin hujjar cewa raba ƙwaƙwalwa da manhaja kuskure ne tun daga tushe. Ban yarda da wannan karatu ba. Da yawa daga ɓarakokin io_uring sun fito ne daga sarƙaƙiyar ayyukan da ke gudana a bayan fage, da lissafin wane tsari ke raye wane ya mutu, abubuwan da za su kasance ko da buƙatun ta ƙofar kira suke shigowa. Amma CVE-2024-0582 kam ta rabon ƙwaƙwalwa ce tsantsa, ba za a iya ɗora ta a kan wani abu ba.

Gyara sau biyu

Gyaran farko ya zo cikin kwanaki, ya kuma shiga Linux 6.6.5 a Disamban 2023. Axboe bai taɓa hanyar liƙawa ba. Ya sa soke rajista ya daina mayar da shafukan rumbu. Ana ajiye su a wani jeri na io_uring ɗin, ba a sallame su sai fayil ɗin ya mutu. Wato an ɗaure zobe na uku da igiyar da ke riƙe na farkon biyu. Gyara ne ƙarami, mai sauƙin kaiwa tsofaffin sigogi, wanda shi ake so a irin wannan hali. Yana da tsadarsa: manhajar da ke yawan rajista da sokewa za ta riƙa tara ƙwaƙwalwar da ba ta amfani da ita, dole aka biyo da wani ƙarin da ke sake amfani da shafukan da aka ajiye idan sabuwar rajista ta zo.

Shigar gyara cikin kanel na asali ba ta nufin ya isa kwamfutocin mutane. A lokacin Ubuntu 23.10, ɗaya daga cikin nau'ikan Linux da ake rarraba wa jama'a, yana tafe da kanel 6.5, sigar da ke da ɓarakar amma masu kula da kanel na asali sun riga sun daina yi mata gyare-gyare, saboda haka ɗaukar gyaran ya rage ga masu rarrabawa. Ya ɗauki fiye da wata biyu kafin ya isa can, a lokacin kuwa bayanin ɓarakar da gyaranta duk suna fili ga mai son karantawa. Wannan giɓin ne ma ainihin abin da rubutun Exodus ya yi magana a kai.

Gyara na biyu shi ne ya taɓa tushen. A Linux 6.10, a tsakiyar 2024, io_uring ya bar `remap_pfn_range` ya koma `vm_insert_pages`, ga zoben mazubai da ma zoben buƙata da na amsa. Wannan aiki yana shigar da shafukan jadawalin manhaja a matsayin shafuka na yau da kullum, kowane layi yana ƙara ƙidayar masu riƙe. Jerin jinkirta sallama ya zama ba shi da amfani, aka cire shi. Yanzu idan manhaja ta soke rajistar zobe alhali tana liƙe da shi, kanel yana sakin nasa riƙon ne kawai, ƙidayar ta ragu da ɗaya ba ta kai sifili ba. Manhajar tana iya ci gaba da rubutu a shafin yadda ta ga dama, kanel ya daina karanta shi, ba kuma za a ba kowa shi ba sai ta cire liƙin da `munmap` ko ta mutu.